Sifofin Turanci: Abin da Ke Ɓoye a Goshi da Ƙeyar Kalma

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a bayan tankar mai a hanyar Kaduna zuwa Kano ya san rubutun nan da ake rangaɗa mata da jan fenti: *Highly Inflammable*. Direba ba ya bukatar fassara, ya san abin da ya ɗauko. Wanda rubutun kan ruɗa shi ne ɗan sakandare mai ƙwazo, wanda aka koya wa cewa idan kalmar Turanci ta fara da *in-*, to kore ma'ana take yi. An ce masa *correct* daidai ne, *incorrect* kuskure. An ce masa *visible* abin da ido ke gani, *invisible* wanda ba ya ganuwa. Bisa wannan lissafi sai yaro ya yanke hukunci cewa abin da ke cikin tankar ba ya kamawa da wuta.

Alhali gargaɗi ake yi masa ya yi nesa. Harshen Latin, inda kalmar ta fito, yana da *in-* guda biyu masu kama ɗaya. Ɗaya na korewa ne, ɗayan kuma yana nufin "cikin", ko jefa abu a wani hali. Na biyun ne a jikin tankar, domin *inflammare* a Latin shi ne cinna wa abu wuta. Ba ɗalibanmu kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. Tun a shekarun 1920 masu aikin kare gobara a Amurka suka lura su kansu masu harshen suna ruɗewa, suka riƙa kira da a koma rubuta *flammable* kawai, abin da ba ya kamawa kuma a ce masa *non-flammable*. A nan dai tsohon rubutun bai bar jikin motocinmu ba.

Duk da haka yaron bai yi wauta ba. Ya dubi kalma, ya gane tana da gaɓoɓi, ya gwada kwance ta. Rabin ilimin aka ba shi. Yawancin abokan karatunsa ko rabin ba su samu ba, hadda kawai suke sha.

Hadda ba ta kaiwa

Turanci ƙofa ce da kowane ɗalibi a Najeriya sai ya bi ta cikinta. In babu kiredit a cikinsa a WAEC ko NECO, maganar jami'a ta sha ruwa komai kyawun sauran sakamakon. A JAMB kuwa, ko likita kake son zama ko lauya, darasin Turanci ba a zaɓar sa, dole ne. A 2025, da WAEC ta fara sakin sakamako, ƙasa da kashi 40 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, hankalin iyaye ya tashi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce an samu kuskure wajen duba wasu takardu, adadin ya haura kashi 60. Ko da gyararren adadin, dubban ɗaruruwan yara ne suka rage a bakin ƙofa.

Wani babban sashe na waɗannan jarrabawoyi kan kalmomi yake. A ja wa kalma layi, a ce zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko wadda take kishiyarta, kuma sau da yawa kalmar da aka ja wa layin sifa ce. Kowa ya san yadda ake shirya wa wannan sashe a makarantu da wuraren lesin. Malam ya cika allo da jeri, kalma a hagu, ma'ana a dama, yara su kwafa su haddace. In an yi sa'a kalmar ta fito. In ba ta fito ba, sai canki-canka.

Lissafin ne ba ya fita. A 1984 wasu masana biyu na jami'ar Illinois a Amurka, William Nagy da Richard Anderson, sun ƙiyasta cewa littattafan 'yan makaranta a can suna ɗauke da dangogin kalmomi sama da 88,000. Paul Nation na ƙasar New Zealand, wanda ya daɗe yana nazarin yadda baƙo ke koyon kalmomin Turanci, ya nuna cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus a gefe ba yana bukatar dangogi 8,000 zuwa 9,000. Yaron da ke haddace kalma biyar kullum ba fashi sai ya yi shekara huɗu da ɗoriya kafin ya kai ko wannan ƙaramin adadin, in ma bai zubar da na baya ba.

Sai dai binciken Nagy da Anderson ya zo da albishir: fiye da rabin baƙin kalmomin da ɗalibi zai ci karo da su ana iya hango ma'anarsu daga gaɓoɓinsu. Masu nazarin Hausa suna da sunan kowace gaɓa. Akwai saiwa, wato tushen kalma. Abin da aka liƙa mata a gaba shi ne ɗafa-goshi, na baya kuma ɗafa-ƙeya. A *unbreakable*, saiwar ita ce *break*, fasawa. Ƙeyar *-able* ta ce abin yana yiwuwa. Goshin *un-* ya zo ya kore. Abin da ba ya fasuwa ke nan.

Gida ɗaya, dangi daban-daban

Kafin a kwance kalma sai an san danginta, domin Turanci haɗin gambiza ne. Tushensa yaren wasu ƙabilu ne, Angles da Saxons da Jutes, waɗanda suka tsallaka teku daga yankunan da a yau suke arewacin Jamus da Denmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Sifofinsu gajeru ne, kuma su ne har gobe a bakin kowa: *good*, *old*, *young*, *long*, *cold*, *hard*, *deep*. Waɗannan babu abin kwancewa a jikinsu, sai dai a san su.

Daga ƙarshen ƙarni na 8 mayaƙan jiragen ruwa da ake kira Viking suka fara kawo hari daga Denmak da Norwe, daga baya suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, aka yi auratayya. Su suka bar *weak*, *ill*, *low*, *odd*, *wrong*, da *ugly* wadda asalinta "abin tsoro" take nufi. Saiwar *happy* ma tasu ce, *hap*, wato sa'a ko abin da ya faɗo wa mutum. Ita ce a cikin *happen* da *perhaps* da *mishap*, ita ce kuma a *hapless*, maras sa'a.

A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gidaje, sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara da Ingilishi. Talaka bai bar yarensa ba, amma kalmomin masu mulki sun malalo ciki: *noble*, *gentle*, *honest*, *cruel*, *poor*, *simple*, *foreign*. Da yake Faransanci ɗan Latin ne, ta nan saiwoyin Latin suka fara shigowa da yawa. Bayan William Caxton ya kafa injin buga littattafai a 1476, malaman ƙarni na 16 da na 17 suka koma ɗebowa kai tsaye daga Latin da Girkanci, irin su *accurate*, *conspicuous* da *expensive*. An yi cece-kuce a lokacin, masu adawa suna kiran irin waɗannan "kalmomin kurtun tawada", wato na masu son a san sun yi karatu. Wasu sun mutu, da yawa sun samu gindin zama.

Wata ƙidaya da Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff suka wallafa a 1973, bisa kalmomi kusan 80,000 na wani ƙamusun Oxford, ta nuna Faransanci da Latin sun kwashe fiye da rabi, dangin asali kusan kashi ɗaya cikin huɗu, Girkanci kuma wajen kashi 5 cikin 100. Hirar yau da kullum da kalmomin dangin asali ake yin ta. Jarida da kotu da asibiti da takardar jarrabawa kuwa na baƙin ne.

Wannan tarihi ne ya haifar da abin da ke wahalar da ɗalibi ba tare da an taɓa yi masa bayani ba: sunan abu daga wani dangi, sifarsa daga wani. Ya san *sun* rana ce, amma farantin da ke kan rufin gidansu *solar* ne. *Tooth* haƙori, asibitinsa *dental*. *Moon* da *lunar*, *year* da *annual*, *mouth* da *oral*, *town* da *urban*, *mother* da *maternal*. Wani lokaci dangogin duka sukan taru kan ma'ana ɗaya: *kingly* ɗan gida, *royal* daga Faransa, *regal* daga Latin, duk sarauta suke nufi.

Korewa kala-kala

A 1989 Thomas White da abokan aikinsa biyu sun ƙirga ɗafa-goshin da ke cikin littattafan 'yan makaranta a Amurka, suka tarar guda huɗu kacal, *un-*, *re-*, *in-* da *dis-*, sun mamaye kusan kashi 58 cikin 100 na kalmomin da ke da goshi. *Un-* shi kaɗai ya ɗauki kwata. Uku daga cikin huɗun aikinsu korewa ne ko juya ma'ana. Darasin da bai fi na mako biyu ba ke nan, amma ya fi jerin allo na zango guda amfani.

*Un-* ɗan gida ne, *in-* na Latin, *a-* na Girkanci, kuma kakansu ɗaya, tsohon harshen nan da ya haifi yawancin harsunan Turai da na arewacin Indiya. Wani alƙali Bature a Kalkata, William Jones, shi ya yi fice da bayyana wannan dangantaka ta harsunan a 1786. A bisa al'ada kowa danginsa yake bi: *unkind*, *unwise*, *unhappy* a gefe guda, *inactive*, *insecure*, *indirect* a ɗayan, sai *atypical* da *anonymous*, maras suna, daga Girka. Amma Turanci ba ya jin nauyin saɓa ƙa'idarsa. Sifar ta ce *unable*, sunan ya ce *inability*. Haka *unjust* da *injustice*, *unequal* da *inequality*.

Abin da ya fi ɗaure wa ɗalibai kai shi ne yadda *in-* ke sauya kama. Me ya sa ake cewa *illegal*, *irregular*, *immature*, *impossible*? Malamai da yawa cewa suke haka abin yake, a haddace. Ga shi kuwa duk yaron da ya zauna gaban malamin tajwidi a Islamiyya ya riga ya san amsar. Nunun da ke da ɗauri idan ta haɗu da lamun ko ra'un, narkewa take a cikinsu, shi ne idgami. *In* da *legal* suka zama *illegal*, *in* da *regular* suka zama *irregular*. Idan ta haɗu da mimun ma haka, ga *immature* da *immoral*. Idan kuma ba'un ta tarar a gabanta sai ta juye mimun, wato iƙlabi, ga shi nan a *imbalance*, kuma harafin *p* da ake furtawa da leɓɓa shi ma haka yake jawowa a *impossible* da *impatient*. Ba Larabci Latin ya kwaikwaya ba, bakin ɗan Adam ne iri ɗaya. Mu ma muna rubuta "gidan Bala" amma "gidam Bala" muke faɗa.

Goshin korewa kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. *Non-* warewa kawai yake yi, babu zargi a ciki: ma'aikacin jami'a *non-academic* ba jahili ba ne, ba ya koyarwa ne kawai. *Unprofessional* kuwa suka ce. *Immoral* ya san daidai ya take, *amoral* maganar daidai da kuskure ba ta ma cikin lissafinsa. Akwai kuma tagwayen da masu tsara jarrabawa ke ƙauna: *uninterested* wanda abin bai dame shi ba, *disinterested* wanda ba shi da wata riba a ciki. Na biyun ake nema a kujerar alƙali. Na farkon in ya hau ta, barci zai yi.

Kama da wane ba ta wane

Tarkunan suna da yawa, kuma malamin da ya koyar da ƙa'ida bai nuna su ba ya cuci ɗalibinsa. *Invaluable* ba maras daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi. Haka *priceless*, alhali *worthless* mai irin ƙeyarta shara ce. *Infamous* ya yi suna, sai dai mummuna. *Unique*, *uniform*, *universal* da *unanimous* babu korewa a cikinsu ko kaɗan, *uni* ne na Latin mai nufin ɗaya. Shawarar da aka yanke *unanimous* ita ce wadda kowa ya yi baki ɗaya a kanta. Matan da ke zuwa awon ciki sukan ce za su *antenatal*, kuma *ante-* ɗin nan "kafin" yake nufi, kafin haihuwa. Harafi ɗaya ya raba shi da *anti-* na adawa.

Akwai kuma marayu, waɗanda kishiyoyinsu suka mutu suka bar su. Ana cewa *ruthless* ga maras imani, amma *ruth*, tausayi, ta ɓace daga baki. *Reckless* da ake jifan direbobi da ita daga *reck* take, kulawa. *Unkempt*, mai buzu-buzu, asalinta wanda bai taje kai ba.

Saiwa ɗaya, 'ya'ya rututu

Ribar gaske a saiwoyin Latin take. Ɗauki *cred*, yarda ko gaskatawa. Shaida *credible* abar yarda ce. *Incredible* abin da ke da wuyar gaskatawa, shi ya sa ta koma kalmar mamaki. *Credulous* mai saurin yarda, abincin 'yan damfara. Kwas ɗin da aka ce *accredited* hukuma ta amince da shi. Shi kansa kiredit ɗin da ake ta fafutuka a kai daga nan ya fito.

Ko *rupt*, karyewa. *Abrupt* abin da ya yanke kwatsam, *disruptive* mai wargaza tsari, *corrupt* kuwa, kalmar da ba ta barin shafin farko na jaridunmu, asalinta abin da ya karye ɗungurungum, ya lalace. *Bankrupt* ta biyo ta Italiya, inda take nufin karyayyen bencin ɗan canji. Bahaushe bai yi shawara da su ba, amma shi ma cewa yake ɗan kasuwa ya karye.

A asibiti sanin saiwa ya wuce maganar maki. *Bene* alheri ne, *mal* sharri. Ƙarin da likita ya rubuta wa *benign* ba ya yaɗuwa, *malignant* kuwa daji ne. Yaro *malnourished* tamowa ke damun sa. Maleriya ma daga Italiyanci take, "mugunyar iska", domin a da an zaci iskar fadama ce ke kawo ta. Ciwo *chronic* shi ne wanda ya daɗe, daga kalmar Girkanci ta lokaci, ba lalle sai mai tsanani ba kamar yadda mutane ke ɗauka. Wanda ya taso farat ɗaya shi ne *acute*. *Hyper-* wuce kima, *hypo-* gazawa, kuma mai ciwon suga da ya kasa bambance su yana cikin haɗari.

Aikin ƙeya

Goshi ma'ana yake juyawa, ƙeya kuma ita ke gaya maka kalmar sifa ce. A nan Hausa ta yi wa ɗalibi rabin aiki. *-ful* da *-less* su ne "mai" da "maras": *useful* mai amfani, *useless* maras amfani, *careful* da *careless*. *-able* da *-ible* su ne abin da muke yi idan muka ce abu yana gyaruwa, yana ciwuwa, yana yiwuwa: *repairable*, *edible*, *possible*. Galibi *-able* kan bi cikakkiyar kalma, kamar *readable*, *-ible* kuma saiwar Latin da ba ta tsayawa da ƙafarta, kamar *visible* da *audible*. Wannan kaɗai yana rage kuskuren rubutu. *-ish* shi ne ninkin da muke yi a "fari-fari" da "ja-ja", *whitish* da *reddish*, ko da yake a jikin mutum raini yake ɗauka: *childish* halin yarinta ne, *childlike* kuwa yabo.

Ƙeya biyu sun fi kowanne kunyata masu koyo. *-ed* na wanda abin ya sama ne, *-ing* na wanda ya jawo shi. Wanda zama ya gundura *bored* ne. In ya ce shi *boring* ne, to ya shaida wa jama'a cewa shi ke gundurar mutane.

Barewa ta yi gudu, ɗanta ya yi rarrafe

Ba kullum kalma ke gadon ma'anar iyayenta ba, kuma abin ya fi yawa a sifofin da aka fi amfani da su. *Nice* daga *nescius* take, jahili a Latin. Wajen 1300 wawa take nufi a Ingila, ta koma mai tsirfa, ta koma mai ƙididdigewa, sai a ƙarni na 18 ta zama abu mai daɗi. *Silly* ta bi hanyar a juye: a tsohon Turanci mai albarka ce, ta zama maras laifi, ta zama abin tausayi, ta ƙare a sakarai. 'Yar'uwarta a Jamusanci, *selig*, har yau albarka take nufi. *Sad* a da ƙosasshe ne. *Pretty* mai wayo. *Naughty* wanda ba shi da komai. *Awful* da *awesome* saiwarsu ɗaya, kwarjini, amma ɗaya ta zama tir ɗaya ta zama madalla, kamar yadda *terrible* da *terrific* suka raba gari.

Wasu labaran suna taimaka wa ƙwaƙwalwa ta riƙe kalma. *Candid*, mai faɗin gaskiya ba rufa-rufa, daga *candidus* take, fari fat. Mai neman muƙami a tsohuwar Rum farar riga yake sawa, daga nan aka samu *candidate*. Ko 'yan takarar yau sun gaji gaskiyar ko rigar kawai, mai karatu ya fi ni sani. *Sinister*, mai alamar mugunta, hagu ce kawai a Latin, *dexterous*, mai gwanintar hannu, daga dama.

Wasu labaran kuwa ƙarya ce mai daɗin ji. An daɗe ana yawo da cewa *sincere* daga "babu kakin zuma" take, wai masu sassaƙa ne ke toshe tsaga da kaki su yaudari mai saye. Masana asalin kalmomi sun yi watsi da wannan. *Sincerus* a Latin tsantsa yake nufi, wanda ba a gauraya ba.

Masu ja da wannan hanya

Ba kowa ya yarda nan mafita take ba. Malaman aji suna da hujja mai nauyi: ɗalibai sun kusa ɗari a ɗaki, darasi minti arba'in, manhaja ta cika, ga shugaban makaranta yana tambayar inda aka tsaya. Da yawansu ma ba a koya musu abin ba. A zamanin Turawa ana koyar da Latin a wasu manyan sakandaren ƙasar nan, waɗanda suka yi shi suna ganin saiwa da ido ɗaya. Wannan zamani ya wuce, kuma ba a kawo abin da ya maye gurbinsa ba.

Akwai kuma masu ra'ayin Stephen Krashen, masanin nan na Amurka da ya daɗe yana cewa yawan karatun nishaɗi ne ke gina kalmomi, ba darasin nahawu ba. A wurinsu, ka ba yaro littattafan da yake so ka ƙyale shi. Masana harshe su ma suna jan kunne cewa asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba; ma'ana tana bakin masu magana a yau, kuma wanda ya dage sai *nice* ta koma jahili ya ɓata wa kansa lokaci.

Duka suna da gaskiya, amma a ganina ba ta rushe komai ba. Shawarar Krashen tana bukatar laburare, kuma makarantun gwamnati nawa ne ke da shi? Yaron da littafinsa ɗaya tal dole a ba shi dabarar tatsar duk abin da ke cikinsa. Saiwa hasashe take bayarwa, jimla ce ke tabbatarwa, ƙamus kuma ya raba gardama. Ƙamus ɗin ma yanzu yana cikin waya, kuma manyan cikinsu suna nuna asalin kalma a ƙasan ma'anarta, wurin da kusan babu mai leƙawa.

Jarin da ke kwance

Abin takaicin shi ne ɗan Bahaushe ya fi yara da yawa shirin wannan darasi. A bakinsa akwai manomi da makaranta da mabuɗi, inda "ma-" ke fitar da mai aiki da wurin aiki da kayan aiki. Akwai Bakano da Bakatsine. In ya taɓa sarfu a makarantar zaure, ya san baƙaƙe uku kan haifi zuriya guda, ya san hukunci da hakimi da hikima gidansu ɗaya, haka ilimi da malami. Tunanin kwance kalma ba baƙo ba ne a wurinsa. Ajin Turanci ne ke sa shi ya ajiye shi a bakin ƙofa, musamman a makarantun da ake cin tarar wanda ya yi Hausa. Da gwamnatin tarayya ta janye, a ƙarshen 2025, manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, an yi ta muhawara kan wane harshe za a koyar da shi. Ba a cika tambayar ko malamin Turanci zai iya aron minti biyar na Hausa ya bayyana *-able* ba.

A Nijar jarin ma ya fi haka. Kundin da aka amince da shi a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya yi Faransanci yana shiga ajin Ingilishi da dubban sifofi a aljihu, domin *possible*, *visible*, *important* da *simple* rubutunsu ɗaya a harsunan biyu. Nasa tarkon daban ne. *Sensible* a Faransanci mai saurin jin abu a rai ne, a Ingilishi mai hankali. *Large* a can faɗi ne, a nan girma. *Actuel* na yanzu, *actual* na haƙiƙa.

Mu ma a Najeriya muna juya sifofin yadda muke so. Dattijo zai ji labarin mummunan hatsari ya girgiza kai ya ce *wonderful*. Bature in ya ji sai ya razana, alhali dattijon ya fi kusa da asalin kalmar, abin da ke cike da mamaki, mai daɗi ko maras daɗi. A Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, har da *okada* da *danfo* da *Kannywood*, da kuma *severally* a ma'anar da muke ba ta ta "sau da yawa". Sai dai mai duba takardar jarrabawa da tsohon ma'auninsa yake aiki, kuma ɗalibin da ya zaɓi *wonderful* a matsayin martanin labarin mutuwa zai rasa makinsa.